Ɗamara a Kan Ɗinki

Tolzor, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Kawu Sotboldi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da abokan aikinku a can dajin haƙar mai. Ina yi muku sannu da sanyi, don na ji an ce tun yanzu ƙanƙara ta fara zuba a Siberiya, alhali mu nan kankana muke sha har tana isarmu. Inna tana gaishe ku, ta ce a tambayi ƙanenta ko safar ulun da ta saƙa masa ta shiga ƙafarsa. Matata Sanobar ma tana gaishe ku. 'Yata Oyhon, jikarku, ta yi wayo, yanzu ba a isa a ajiye inabi inda idonta zai kai ba.

Mu duk lafiya lau. Ni ne dai aka ɗan kwantar a asibitin birni kwanakin baya. Ciki ne ya murɗa mini ina tsakiyar gonar auduga, suka yi mini ɗan aiki, suka sallame ni. Kada ku sa komai a ranku. Ina ci, ina sha, har na fara motsa jiki.

Babban labarin gari shi ne Mamasoli, shugaban gandun auduga, zai yi wa jikokinsa kaciya da zarar an gama tsinkar auduga, wajen ƙarshen Nuwamba. An ce tukwanen falau, shinkafar nan tamu ta biki, sai an aro daga ƙauyuka uku. Ya kuma ware bijimi don kokawa, baƙi, mai farin goshi. Na gan shi, Kawu, dabba ce ta gaske.

Kuchkor, ɗan kokawar ƙauyen Oksoy, tuni ya fara ƙirga naman. Shekaranjiya na leƙa gidan shayi na tarar da shi ya baje, ya cinye wurin mutum biyu. Da ya gan ni sai ya ce, "A'a, Turgun! Ashe sun sako ka? Tun da Sotboldi ya tafi tonon mai, gidan kakanka Mirzo ba sauran ɗan kokawa sai wanda likita ya shafa wa ciki." Na ce masa, "Je ka tambayi ƙanenka wanda ya cika masa kunne da ƙasa bara." Aka yi ta dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Ku rubuto mana. Inna tana cewa kun manta da mu.

Ɗanku,
Turgun

*

Sansanin haƙa, farkon Oktoba

Turgun,

Wa alaikas salam. Ina lafiya, sai guiwar nan ta hagu da ke gaya mini za a yi dusar ƙanƙara tun kafin rediyo ya faɗa. Ka ce wa Yaya safar ta yi, sai dai ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kamar yadda ta saba. Ka gaishe da Sanobar, ka sumbaci goshin Oyhon.

Na karanta wa mutanen kwarinmu wasiƙarka a ɗakin cin abinci. Da na zo wurin amsar da ka ba Kuchkor, sai da wani ya ƙware da shayi. Haka nake so. Maganar asibiti kuwa, na gode Allah da abin ya zo da sauƙi. Ergash direba ma an cire masa wannan ɗan guntun hanjin bara, bai rufa wata ba ya koma bisa motarsa yana zagin hanya. Ni da haƙarƙari biyu a karye na kayar da mutumin Namangan, uwarka shaida ce. Tun da ka ce ka fara motsa jiki, na san kafin auduga ta ƙare ka dawo yadda kake.

To ga albishir. Ergash ya tafi hutu gida, na ba shi ɗamarar Kakanka Mirzo, na ce ya wuce da ita kai tsaye gidan Mamasoli ya rataye ta da sunanka. Shekara da shekaru tana ƙasan akwatina ina jiran ranar da za ka cancance ta. Ni Allah bai ba ni ɗa namiji ba, ya ba ni kai.

Ka san ƙa'ida, amma bari in maimaita, don ku yaran yanzu kunnenku ɗaya ne ke aiki. Gidan da ya rataye ɗamararsa a wurin biki ya shiga fage ke nan, ba a janyewa. Sanƙira zai kira ka sau uku. In ka fito aka kama, ko kai ka kayar ko kai aka kayar, ɗamara ta dawo gida, domin faɗuwa ba abin kunya ba ce. Wanda bai tsaya an kama ba, shi ne ɗamararsa ke bin abokin karawarsa gida. Tamu tun da Kakanka ya ɗaura ta ba ta taɓa kwana a gidan wani ba.

Ka ci nama, ka rage shayi. Kuchkor yana da ƙarfi, amma ƙafarsa ta dama malalaciya ce. In ka karɓo bijimin, a ajiye mini kitsen.

Kawunka,
Sotboldi

*

Tolzor, ƙarshen Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Inna da Sanobar suna gaisuwa. Ku gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce.

Ergash ya riga wasiƙarku isowa. Ina zaune a ƙarƙashin rumfar inabi sai ga yara da gudu suna cewa an rataye ɗamarar Mirzo a ƙofar Mamasoli. Na je na gan ta da idona, tana lilo kusa da turken bijimin. Mamasoli ya rungume ni a gaban mutane, ya matse ni, sai da na ga duhu.

Kawu, ba irin aikin Ergash aka yi mini ba. Hanjina ne ya naɗe, wani sashe ya mutu, suka yanke suka haɗa. An tsaga ni tun daga ƙasan ƙirji har ƙasa da cibiya. Ban rubuta haka ba saboda ku kuka koya mini cewa ɗan kokawa ba ya faɗin ciwonsa, kuma na san kuna karanta wa mutane wasiƙa, labari ya riga ni zuwa Oksoy. Ko a nan garin, ban da Inna da Sanobar ba wanda ya ga ɗinkin. Motsa jikin da na ce muku na fara, daga gado ne zuwa ƙofar gida, ina dafa bango. Ranar da na mayar wa Kuchkor magana, da na dawo sai da Sanobar ta cire mini takalmi, don ba na iya sunkuyawa.

Na koma wurin likitar da ta yi mini aikin, wata dattijuwa mai hannu kamar na manomi. Na ce, "Likita, kun ga fatar ta haɗe sarai." Ta danna gefen ɗinkin da yatsa, na zabura. Ta ce, "Fata ce ta haɗe. Naman da ke ƙarƙashi, wanda ke riƙe da hanjinka, zare ne kawai ke riƙe da shi. Yanzu tafiya ce aikinka, kullum ka ƙara kaɗan. Kada ka ɗauki abin da ya fi butar shayi. In za ka yi tari, ka rungumi matashi." Na ce, "To kokawa fa?" Ta cire tabaronta ta dube ni. "Kokawar da ake ɗaga mutum ta ɗamara? In bazara ta yi ka zo in duba ka, mu fara maganar atisaye. In ka shiga yanzu, ɗinkin ciki zai ɓalle, hanji ya turo. In ka yi sa'a, a sake kawo mini kai. In ba ka yi ba, daga Tolzor zuwa nan da nisa."

Na yi tunani, ga abin da na yanke. Zan fito. Sanobar za ta naɗe mini cikin da bandeji sosai, in sa riga a kai. In an kama, ba zan yi gardama ba, zan bar shi ya kayar da ni. Faɗuwa ɗaya ce, ɗamara ta dawo gida.

Sanobar ba ta yarda ba. Ta ce, "Baban Oyhon, 'yarka ta miƙo maka hannu ka ce likita ta hana, amma Kuchkor ne zai ɗaga ka ya maka da ƙasa? To je ka roƙe shi ya sauke ka a hankali mana." Na ce mata gara a binne ni da in je Oksoy in shirya kokawa a bayan fage. Ta ce, "To a binne ka ɗin za a yi." Tun ranar nan sai ta ajiye mini abinci ta fita.

Ina jin tsoro, Kawu, ba zan ɓoye muku ba. Amma kun ce ba ta taɓa kwana a gidan wani ba, na kuma fahimci abin da kuke nufi. Ba a kaina za a fara ba.

Ɗanku,
Turgun

*

Sansanin haƙa, tsakiyar Nuwamba

Turgun ɗana,

Salam. Ba na lafiya tun da na karanta wasiƙarka, ban kuwa karanta wa kowa ita ba.

KADA KA SHIGA. Ka ji ni? Ni na aika da ɗamarar, ni kuma nake ce maka ka bar ta. Ba ka fahimci abin da nake nufi ba, ko kaɗan. Alfahari nake yi, irin na tsohon da ya ƙoshi da shayi, ba umarni na ba ka ba. Da na san an buɗe ka haka, da ɗamarar tana ƙasan akwati har asu ya cinye ta.

Wannan dabarar taka ta faɗuwa da gangan, wa ya koya maka ita? Ka taɓa kallon Kuchkor yana kayarwa? Ba ya taɗe ƙafa. Janyo mutum yake yi ya manna shi da jikinsa, ya ɗaga shi a kan tumbinsa, ya juya, sannan ya faɗo a kansa gaba ɗaya. Duk nauyin nan a kan cikinka zai sauka, daidai inda kullin ɗamara yake. Kuma wanda ya saki jiki ya fi wanda ya yi gardama shan ƙasa. Bandeji kuwa ba nama ba ne. Matarka ta fi mu hankali, ni da kai duka.

Ka je wurin Mamasoli ka ce Sotboldi ne ya yi wauta. Ka ɗora mini komai, bayana yana da faɗi. In sun yi dariya su yi. In Kuchkor ya tafi da ita, ya tafi da ita, ƙyalle ne. Uwarka kai kaɗai gare ta.

Na so in buga maka waya, amma guguwa ta katse layin sansani, jirgin da ke kawo mana wasiƙu da gari kuma bai sauka ba tun wanda ya kawo taka. Na nemi izinin tafiya gida, shugaban aiki ya nuna mini taga ya ce, "Bismillah, in kana da fiffike." Zan ba duk wanda ya fara fita wannan takarda. Ina roƙon Allah ta riga kakakin biki isa gare ka.

Da ka karanta, ka ba ni amsa a ranar.

Sotboldi

*

Sansanin haƙa, ƙarshen Disamba

Turgun,

Ina gaishe ka, in kana inda gaisuwa za ta same ka.

Jirgi ya sauka sau biyu. Kowa ya sami takarda, har ɗan Tatar ɗin nan da bai iya karatu ba, ban da ni. Ergash bai dawo ba, an ce an mayar da shi wani sansani. Wani mutumin Chust da ya dawo hutu ya ce ya ji an yi wani abu a bikin Tolzor, an ambaci gidan Mirzo, amma bai san ko mene ne ba, don shi ba ma'abocin kokawa ba ne. Na kusa shaƙe shi.

Na san biki ya wuce. Ban san ko wasiƙata ta same ka ba. Ina aiki, sai in ga na tsaya da sifana a hannu ina kallon dusar ƙanƙara har a daka mini tsawa.

In kana asibiti, Sanobar ta rubuto. In fushi kake yi da ni, ka rubuto ka zage ni, na yarda. In kuwa abin ya wuce haka, to Yaya, na san ke za a karanta wa wannan. Kada ki ɓoye mini. Ki sa a rubuta mini layi ɗaya, zan iya ɗauka.

Sotboldi

*

Tolzor, tsakiyar Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina raye, ina gida, cikina a rufe. Na fara da wannan don ku zauna ku karanta sauran a tsanake. Inna lafiya, ta yi kuka da aka karanta mata ƙarshen wasiƙarku, sannan ta ce a gaya muku tun kuna yaro ba ku iya jira ba.

Wasiƙunku biyu tare suka iso, jiya, ɗaya a kan ɗaya. Shirun da na yi ba fushi ba ne, kunya ce. Na ɗauki alƙalami ya fi a ƙirga, in na rubuta "Kawu" sai in ajiye, don ban san yadda zan gaya muku ɗamarar Kaka tana Oksoy ba.

Ga yadda aka yi. Da safen bikin Sanobar ta naɗe ni da bandeji. Zan fita ke nan Oyhon ta sheƙo ta miƙo hannuwa in ɗauke ta. Na ce, "Ba yanzu ba, 'yar baba." Ta saba jin haka, ko kuka ba ta yi ba, ta juya ta koma wasanta. Da wannan a raina na isa fage.

Mutane sun cika har kan katanga da bishiyoyi. Aka busa kakaki, sanƙira ya kira, "Turgun jikan Mirzo!" Ban bari ya kai na biyu ba. Tsoho Tolib, dattijon fagenmu, shi ne ya sauko da ɗamarar ya ɗaura mini. Kun san ɗaurinsa, yana sa guiwa ya ja. Da kullin ya zauna a kan ɗinkin, sai na ji kamar an soka mini ƙarfe mai zafi. Ɗauri kawai ke nan, ba a ma taɓa ni ba.

Kuchkor ya matso ya zagayo da hannuwansa, ya kama ɗamarar ta baya. Ƙirjinsa ya taɓa nawa, ya ji tudun bandejin. Ya ce a kunnena, "Me ka ƙunsa a nan, guzuri?" Ya ɗan janyo ni don ya gyara riƙo. Kawu, a wannan ɗan jan na ji wani abu a ciki ya miƙe har iyakarsa, irin yadda igiyar guga take yi kafin ta tsinke. Alƙali ya ɗaga hannu zai ba da izini. Sai na tuno Oyhon tana juyawa tana komawa wasanta, ta riga ta saba uba ba ya ɗaukarta.

Na ce, "Dakata."

Na buɗe riga, na warware bandejin a gaban Tolzor da Oksoy duka, suka ga ɗinkin tun daga sama har ƙasa, ja wur. Na kwance ɗamarar da hannuna na miƙa masa. Wani daga kan katanga ya ce, "Mirzo dai jika mace ya bari!" Aka yi ihu, wasu na dariya, wasu na zagin mai maganar. Tsoho Tolib ya tofar da yawu ya juya mini baya. Kuchkor ya daɗe yana kallon cikina, sannan ya ce, "Kai mahaukaci ne? Da yanzu na kashe mutum a bikin yara." Amma ya karɓa, Kawu, bai yi kara ba. Ya rataya ta a ƙahon bijimin, suka tafi da kiɗa. Da zai wuce ya ce, "In ka haɗe, ka san hanyar Oksoy." Yanzu tana rataye a gidan shayinsu, bisa tukunyar ruwan zafi, inda duk mai shigowa zai gani.

A namu gidan shayin kuwa, in na zauna, sai a sami wanda ya tuna yana da aiki. Tolib har yau bai amsa sallamata ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ce ba ya yi ba.

Na koma wurin likita. Ta ce ɗinkin ciki bai ɓalle ba, amma ta tambaye ni abin da na yi har wurin ya kumbura, na gaya mata, ta kira ni da wani suna da ba zan rubuta ba. Yanzu kullum ina takawa zuwa gadar ruwa in dawo. Ta koya mini in kwanta in ja cibiya ciki ina numfashi, abin dariya ga mutumin da ke ɗaga ɗan maraƙi. Ta ce in bazara ta yi zan fara ɗaukar nauyi kaɗan kaɗan, daga baya in kama ɗamara da wanda bai kai ni nauyi ba, ba ɗagawa. Oksoy sai kaka, in ta duba ta yarda. In ba ta yarda ba, sai wata kakar. Na yi wa Sanobar alkawari, ita kuma ta dawo cin abinci tare da ni.

Kun yi addu'a wasiƙarku ta riga kakaki. Ni na gode Allah da ba ta riga shi ba. Da ta iso, da na tsaya a gida na ce Kawu ne ya hana ni, in ɓuya a bayanku har in tsufa. Yanzu ba wanda zan ɗora wa. Ni na kwance ta, ni zan je in karɓo ta.

Wancan makon likita ta ce zan iya ɗaukar abin da bai wuce nauyin ƙaramin yaro ba, in durƙusa tukuna, kada in sunkuya. Na dawo gida na durƙusa a tsakar gida na buɗe hannuwa na ce, "Oyhon, zo." Ta tsaya daga nesa, ta dubi uwarta ta ce, "An hana." Sai da Sanobar ta ce mata an bari, sannan ta zo, a hankali, tana kare mini ciki da hannunta. Ta yi nauyi, Kawu. Wata huɗu ban sani ba.

In kun zo hutu, ku fara sauka a gidan shayi ku zauna kusa da ni.

Ɗanku,
Turgun